Kwanon sukari mai lamba 130643

Ranar wata Lahadi da la'asar sakaliya ƙanwar maigidana ta shigo da leda a hannu, tana haki saboda matakalar bene. Karatu ne ya kawo ta Newcastle, mu kuma muna tsallaken kogin Tyne, a Gateshead, don haka kusan duk ƙarshen mako a gidanmu take cin tuwo. Ta dire ledar a kan tebur ta ce, "Anti, yau ni ma na shiga sana'arki."

Abubuwa uku ta warware daga cikin tsohuwar jarida: kwanon sukari shuɗi mai gindi, da 'yar butar madara ita ma shuɗiya, sai wani ɗan faranti mai zurfi, ruwan ɗorawa. Dukkansu bakinsu fari ne kamar an tsoma shi a nono. Ta saye su a irin kasuwar gwanjon nan ta safiyar Lahadi, inda kowa yake buɗe bayan motarsa a fili ya baje tarkacen gidansa. Fam 45 ta biya. Mai kayan ya ce mata duka ukun na zamanin Sarauniya Victoria ne, kuma masana'anta ɗaya ta yi su, a nan cikin garinmu.

Na haura shekara goma ina tara irin wannan gilashi, har maigidan yana tsokanata da cewa na mayar masa da falo ɗakin amarya. Amma a daren nan, cikin ukun ɗaya kawai na faɗa daidai. Wanda na kora ashe ɗan gida ne, wanda na rungume kuma baƙo. Dalilin rubuta wannan labari ke nan.

Sai na fara bayyana irin gilashin, don a cikin yadda ake yin sa shaidun suke. Akwai gilashin da ake hurawa da baki ta bututun ƙarfe. Akwai wanda bayan ya huce ake sassaƙa masa ado a kan dutsen niƙa mai juyawa, shi ne na masu hannu da shuni. Na ukun shi ne namu, gilashin matsi. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyon zai gane shi nan take, sai dai nan mazubin na ƙarfe ne, kuma a jikinsa aka riga aka sassaƙa adon. Ma'aikaci ɗaya ya ɗebo narkakken gilashi a kan sandar ƙarfe ya saki cikin mazubi, na biyu ya datse shi da almakashi, ya ja hannun inji, wani ƙarfe mai kama da taɓarya ya sauko ya danna gilashin ya cika kowane lungu. Sai a buɗe mazubin, wanda yake rabe gida 2 ko 3 ko 4, a ciro kwano. Aikin da zai ci wa mai sassaƙa sa'o'i, nan kafin ka sha ruwa an gama.

Kowane mataki yana barin sawunsa. Inda ɓangarorin mazubi suka haɗu akwai siririn layi da ke gangarowa daga baki zuwa gindi. Inda almakashi ya datse, gilashin yakan ɗan huce, ya bar wani layi a ƙasan kwano wanda baƙon sana'a yake ɗauka tsagewa ce. Cikin kwanon sumul yake, domin taɓaryar ba ta da ado, alhali wanda aka hura a cikin mazubi za ka ji cikinsa yana bin tudu da kwarin adon waje. Gefen adon kuma a dakushe yake, ba ya cizon yatsa kamar na sassaƙa.

A Amurka aka fara wannan dabara cikin shekarun 1820, a Pittsburgh da kuma garin Sandwich na jihar Massachusetts. Ingila ta ɗauka daga baya, kuma harkar ta bunƙasa ne bayan an soke harajin gilashi a 1845. Arewa maso gabashin ƙasar na da kwal mai arha da tashar jiragen ruwa, shi ya sa manyan masana'antu uku suka kafu kusa da juna: Sowerby da Davidson a Gateshead, Greener a Sunderland. Kayan talaka suke yi, don matar mai haƙar kwal ta samu abin da za ta jera wanda daga nesa yake walƙiya kamar na gidan attajiri. Duk lokacin da na riƙe ɗaya sai na tuna kwallar da ke jere a ɗakin kakarmu har kusa da rufi. Ita ma kayan masana'anta ce mai sauƙin kuɗi, ta zama abin alfaharin mace, sannan tangaran ya zo aka raina ta, aka ba yara suna wasan ƙasa da ita.

To, kwanon sukari. Kafin komai sai da na shimfiɗa tawul a cikin roba, na zuba ruwa mai ɗumi kaɗan, na wanke su ɗaya bayan ɗaya. Tsohon gilashi ba ya son ruwan zafi, canjin zafi farat ɗaya yana iya tsaga shi, injin wanke kwanuka kuwa dusashe shi yake yi har abada. Da ya bushe na ce wa ƙanwar maigidan ta rufe ido ta zagaya da yatsa a cikinsa. Ta yi zagaye biyu ta ce, "Anti, akwai rubutu." Muka karkata shi wajen fitila, ga shi ƙanana a tashe: Rd 130643.

Wannan lamba ita ce mabuɗin. Tun daga 1842 doka ta ba masana'antun Birtaniya damar yi wa zanensu rajista don kada wani ya kwaikwaya. Daga 1842 zuwa 1883 alamar rajistar wani murabba'i ne da aka tsayar a kan kusurwarsa, da haruffa da lambobi a kusurwoyin, waɗanda in ka iya karanta su za su ba ka shekara da wata da rana. Daga 1884 aka sauya tsari, aka fara ƙirga daga 1 ana tafiya a jere. Shekarar 1889 ta fara ne daga wajen 116648, ta 1890 kuma daga wajen 141273. Ke nan tamu ta faɗa cikin 1889. Littattafan rajistar suna nan har yau a ma'adanar takardun ƙasa da ke Kew a Landan, masu bincike kuma sun daɗe da kwafe na gilashi, kuma wannan lamba ta George Davidson ce.

Shi George Davidson mahauci ne kafin ya kafa masana'antarsa a 1867 a unguwar Teams, kuma da gilashin fitilar kananzir ya fara. Ya rasu a 1891, ɗansa Thomas ya karɓi ragama. A 1889, shekarar lambarmu, suka fito da wannan gilashi mai farin baki suka sa masa suna Pearline, shuɗi da kuma ruwan ɗorawa. Farin ba fenti ba ne. Akwai sinadari a cikin haɗin gilashin wanda idan kayan ya ɗan huce aka sake kai bakinsa ga wuta sai wurin ya rikiɗe ya yi fari, sauran jikin ya zauna garau. In ka ɗaga shi wajen taga za ka ga wani ja-ja kamar garwashi a cikin farin. Masu tarawa suna kiran wannan zane Brideshead, amma sunan ba na masana'antar ba ne. Masu tara gilashi a Amurka ne suka raɗa masa shi daga baya, kamar yadda suka raɗa wa sauran zanen Davidson irin su Lady Chippendale da William and Mary.

Ta tambaye ni ina tambarin kamfanin, domin mai kayan ya ce mata a nemi zaki. Gaskiya ne Davidson na da tambarin rabin zaki yana fitowa daga saman hasumiya, kamar yadda Sowerby ke da kan ɗawisu tun 1876, Greener kuma nasa zakin yana riƙe da tauraro, daga baya da gatari. Sai dai Davidson ya daina sa zakin a wajen 1890, daidai lokacin da Pearline ke fitowa, saboda haka rashinsa a nan bai dame ni ba.

Ta fara murna, wai ta mallaki kwano ɗan 1889. Na ce ta dakata. Lambar a jikin taɓaryar mazubin aka sassaƙa ta, kuma abin da take faɗa shi ne shekarar da aka yi wa zanen rajista. Mazubin ƙarfe yana da tsada, ba a jefar da shi, ana iya shekara 20 ko fiye ana zubi da shi, kuma duk kwanon da ya fito da lambar nan zai fito. Har sayar da su ake yi idan masana'anta ta rufe. Davidson kansa ya sayi mazuban wasu kamfanonin da suka durƙushe a yankin cikin shekarun 1880, ya ci gaba da fitar da kayansu. An yi ta yin Pearline har zuwa wajen 1914, Sarauniya Victoria kuwa ta rasu a Janairun 1901. Abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne kwanon ya fito tsakanin 1889 da farkon yaƙin duniya na ɗaya. Ko ya riski sarauniyar, Allah masani.

Sai na kifa shi. Nan ne shaidar da na fi yarda da ita. Kwanon da ya shekara ɗari ana jan sa a kan katako da dutse, zoben gindinsa yakan dusashe, kuma da madubin ƙara girma za ka ga ƙananan ƙarce sun bi ta kowace fuska, wasu gajeru wasu dogaye, wasu a kan wasu. Masu algus sukan goga sabon kaya a kan siminti ko takardar goge katako, amma nasu ƙarcen a jere yake, duk fuska ɗaya, kamar an share tsakar gida. Na kwanonmu a hargitse yake yadda ake so. Wannan kam ba gardama.

Butar madarar ce ta fara kayar da ni. Na zagaya da yatsa ciki da waje ban ji komai ba. Na ajiye ta kusa da kwanon, sai na ga farin bakinta siriri ne, na kwanon kuwa ya sauko kusan faɗin yatsa. Shuɗin ma kamar ya ɗan fi haske. Na san kuma a daidai wannan zamani masana'antun Amurka, irin su Northwood da Jefferson, sun yi ta fitar da shuɗin gilashi mai farin baki, kuma 'yan gwanjo sun saba haɗa kwano da butar da ba tasa ba su sayar a matsayin miji da mata. Na ce mata kama da wane ba ta wane, an aurar wa kwanonki bare. Ta yi shiru, amma na ga ba ta gamsu ba. Ta ce, "Anti, ai adon iri ɗaya ne." Na ce mata ado kowa na iya kwaikwaya. Da wannan muka tashi salla.

Kwana uku maganarta tana cina. Daren Laraba bayan yara sun kwanta na kashe fitilar kicin, na kwantar da tocilan waya a gefen butar yadda hasken zai shafi cikinta a kwance maimakon ya faɗa daga sama. Ina juya ta a hankali sai ga inuwa ta fito a bangon ciki: R da ƙaramin d, sai 1 da 3, wuri ya shafe, sai 43 a ƙarshe. Na danna 'yar takardar alminiyon ta girki a wurin na murza da bayan farce, siffar ta fito a jikinta. Lambar kwanon ce.

Na san dalilan shafewar tun da daɗewa, gaggawa ce ta hana ni tuna su. Mazubi yana yin datti da tsatsa, kullum ana goge shi, kuma ƙananan haruffa ne suke fara cinyewa. Ga shi bayan an ciro kayan ana sake kai shi bakin wuta don a kashe kaifin layin haɗi a kuma fito da farin, wutar nan tana narkar da rubutu kamar yadda take narkar da layin. Bambancin farin bakin ma daga nan yake. Mutum ne yake riƙe da kayan a bakin wuta, da ido yake aunawa, na safe ba zai yi daidai da na yamma ba, kuma haɗin gilashin wannan tukunya ba lallai ya zo ɗaya da na waccan ba. In da na natsu na ƙirga ginshiƙan adon na gwada faɗinsu da na kwanon, da na ga hannu ɗaya ne ya sassaƙa mazuban. Washegari na yi hakan, suka zo daidai.

A wannan dubawar ce kuma na ga abin da ban nema ba. Ina bin bakin butar da yatsa, ko'ina a mulmule kamar yadda wuta ke bari, sai kusa da inda madara ke zuba na ji wuri ya baje, gefensa da ɗan kaifi. Da madubi na ga ya dusashe, kuma farin ya kusa yankewa a nan. Butar ta taɓa ɓantarewa, wani ya kai ta aka niƙe wurin a dutse aka goge. Gyaran ya yi kyau, kuma ni ba na ganin laifinsa, ya fi a jefar da ita. Sai dai a kasuwa gyararren kaya ba ya kai kuɗin lafiyayye, kuma mai sayarwa in ya sani wajibinsa ne ya faɗa. Na kira ta a waya na ce na janye maganata. Ta yi dariya har da tafi, ta ce za ta gaya wa yayanta yau ɗaliba ta kayar da malama.

Ɗan farantin ruwan ɗorawa kuwa, tun daren farko na yanke masa hukuncin kirki, kuma na yi shi da alfahari. Ina da 'yar tocila mai shuɗin hasken nan da ake duba jabun takardar kuɗi da shi. Na kashe fitila na haska, farantin ya kama da wani kore mai ƙyalli kamar an kunna shi daga ciki. Yara suka yi ihu. Na yi musu bayani cewa yuraniyam ne, irin wanda ake haƙa a Arlit, kaɗan ake zubawa a haɗin gilashi ya ba shi wannan launi, kuma da shi Davidson yake rina Pearline ɗinsa mai ruwan ɗorawa. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Kuskuren yana cikin abin da na ɗora a kai, da na ce tunda ya yi haske to tsoho ne.

Hasken yana shaida cewa akwai yuraniyam, iyakarsa ke nan. Tun shekarun 1830 masu gilashin Bohemia, a ƙasar Cak ta yanzu, suke rina gilashi da shi. An dakata lokacin yaƙin duniya na biyu da gwamnatoci suka riƙe ma'adinin, amma a ƙarshen shekarun 1950 aka sake ba da izini a Amurka, kuma kamfanoni irin su Fenton a West Virginia da Mosser a Ohio sun yi ta yin sa a fili, da sunansu, ga masu sha'awa. Har gobe ana yi. Sabo da tsoho duk haske ɗaya suke bayarwa a ƙarƙashin tocila. Farin gilashi na da ma, wanda aka zuba wa manganis don ya yi garau, yakan ba da wani kore mai rauni, mutane su yi ta ɗauka yuraniyam ne.

Bayan abin da butar ta yi mini sai jikina ya yi sanyi, na ce bari in sake duba farantin kamar ban taɓa haska shi ba. Na kifa shi. Gindin yana sheƙi kamar jiya aka ciro shi, babu ƙarce ko ɗaya. Na ɗaga shi a hannu ɗaya, kwanon sukari a ɗayan, farantin da ya fi ƙanƙanta ya kusa kamo kwanon a nauyi, saboda kaurinsa. Jikinsa yana da wani santsi kamar an shafa mai, ko bayan wanki. Layin haɗinsa yana nan da kaifinsa, ba a kai shi wuta an kashe ba. Adon kuma a cushe yake, ƙananan layukan sun shige juna, irin abin da ke faruwa idan an kwafi mazubi daga jikin wani kaya maimakon a sassaƙa shi a ƙarfe da hannu. Babu lamba, na nema da hasken kwance har idona ya yi ruwa. Na bi hotunan kundin tallan Davidson da nake da su, babu wannan siffa.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai isa hujja shi kaɗai ba, kuma butar ta riga ta koya mini hakan. Akwai tsohon kayan da ya ƙare rayuwarsa a kabad bai taɓa tebur ba, gindinsa fes. Akwai kayan Davidson na gaske da ba a yi wa rajista ba. Akwai wanda ya fito daga masana'anta da layinsa a tashe saboda ranar ma'aikaci ya gaji. Amma a ce duka bakwai sun taru a kan faranti ɗaya, ruwa ba ya tsami banza.

Duk da haka ban yarda da kaina ba sai da na kai shi wurin wani dattijo da ke kasa tsofaffin gilashi a wata kasuwar kayan tarihi da ake ci wata-wata, wanda mahaifinsa ya yi aiki a ɗaya daga cikin masana'antun nan. Ban gaya masa ra'ayina ba. Ya karɓa, ya auna a tafin hannu, ya kifa, ya bi layin da farcen babban yatsa, ya miƙo mini. Tocilarsa tana rataye a wuyansa bai ko taɓa ta ba. Ya ce a ganinsa farantin bai girmi 'ya'yansa ba, kuma daga ƙetare ya zo, amma ba zai ɗora wa wani kamfani ba tunda babu tambari. Da na nuna masa butar kuwa ya daɗe yana juya ta, kuma shi ma sai da ya kai yatsa wurin gyaran, ya dube ni ya yi murmushi.

Ƙanwar maigidan ta so ta koma wurin mai kayan ranar Lahadi ta yi masa tas. Na hana ta. A zatona bai san komai ba. Irin waɗannan mutane kwali guda suke saye idan an kwashe gidan mamaci, su ji wani ya ce Davidson su riƙe sunan. Wanda ya san abin da yake yi ba zai haɗa ruwan ɗorawa da shuɗi ya ce saiti ɗaya ne ba, kuma da ya raba su ya fi samun kuɗi. A cikin maganarsa ma kashi biyu cikin uku ya fi ni gaskiya a daren farko. Ta fuskar kuɗi kuma ba ta yi asara ba. A yadda nake ganin farashi a 'yan shekarun nan, kwano da buta na Pearline, ko da gyaran, sun kai abin da ta biya, farantin ya zama gyara. Riba dai babu, kuma duk wanda ya shiga tara gilashin matsi don ya yi arziki ya ɓata hanya, domin dubbai aka yi su, kuma 'ya'yan waɗanda suka tara su yanzu neman inda za su sauke su suke yi.

Ina da wani littafi da nake rubuta duk abin da ya shigo hannuna, ranar saye da wuri da kuɗi da tsawo da faɗi da abin da na gani. Na ba ta shafi ta rubuta da hannunta. Kwanon sukari ta rubuta Davidson, zanen 1889, an yi shi tsakanin 1889 da wajen 1914, lafiya lau. Butar ta rubuta haka nan, ta ƙara da lamba ta shafe, baki gyararre. Da ta zo kan farantin ta tsaya da biro a sama ta ce me za ta sa. Na ce ta sa yuraniyam, bayan 1960, ba a san mai shi ba. Na kuma ce kada ta zuba masa lemo ko wani abu mai tsami ta ci. Tururin nukiliyar da yuraniyam ɗin yake fitarwa kaɗan ne ƙwarai, ajiye shi a ɗaki ba ya cutarwa, amma ba a ga dalilin cin abinci a ciki ba ga kwanuka cike da kicin. Makullanta take ajiyewa a ciki yanzu.

Asabar ɗin da ta biyo na kai ta gidan adana kayan fasaha na Shipley, nan Gateshead, inda ake ajiye da kayan Sowerby da na Davidson, don idonta ya saba da na ƙwarai. A hanyar dawowa muka bi ta Teams. Masana'antar Davidson ta rufe a 1987, ta Sowerby tun 1972, babu hayaƙi babu ƙarar inji, sai gidaje da shaguna. Daga can zuwa filin da ta sayi kwanon tafiyar 'yan mintoci ce a mota.

Da daddare ta kira Hajiya a Zariya ta bidiyo, ta ɗaga kwanon wajen fitila don jan nan ya fito, tana ta zuba bayani, 1889, rajista, mazubi. Hajiya ta matso da fuska kusa da waya ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi nawa ne a naira. Da aka lissafa mata ta yi salati, ta ce, "Kwanon da ko murfi ba shi da shi?" Sai ta juya ta ƙwala wa 'yar aikinta kira, wai a duba mata bayan ɗakin ajiya, akwai sauran kwallar aurenta guda huɗu da ta ce a ba mai gwangwan, in bai riga ya zo ba a dawo da su ciki.